Keke da Rigarsa

Ranar kasuwar da ta wuce ina zaune a bencin mai shayi a tashar Ƙafin Maiyaki, sai na ga samari biyu sun ɗaga keken wani dattijo sun wurga shi saman mota kamar damin itace. Feda ta huda buhun wata mata, kan keken ya karkace, suka ja roba suka ɗaure, suka kaɗe hannu abinsu. Na ce musu da a zamaninmu ne, da yau aikinsu ya ƙare. Ɗayan ya ce, wane zamani ke nan, Baba? Na ce zamanin da nake lodin kekuna. Suka dubi juna suka kwashe da dariya, wai ashe ɗora keke a mota ma sana'a ce. Sana'a ce kuwa, shekara goma sha shida na ci abinci da ita. Su ba su tsaya sun ji ba, fasinja na kiransu, don haka ku da kuke da haƙurin karatu ku za ku sha labarin.

Sunana Habu, ni mutumin Badafi ne. Wanda ya koya mini aikin shi ne Malam Tanko, mai gyaran keke a Bebeji, Allah ya jiƙansa. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya, kuma ban taɓa ganin ya jingina keke da bango ba tare da ya sa tsumma a tsakani ba.

Motar da muka yi aiki da ita ta wani Bature ce da ya yi aikin ruwa a Tiga. Shi wannan Bature bai yarda da ɗakin kowa ba, da nasa ɗakin ya zo a kan tayoyi huɗu: gado da katifa a can baya, 'yar kabad, wurin wanke hannu, labule a kowace taga. Rufin ma ta wajen gadon tura shi ake yi ya ɗaga sama, gefe da gefe tamfol, don mutum ya miƙe tsaye a ciki. Da zai koma ƙasarsu ya sa ta a kasuwa, Malam Tanko ya sayar da fadamarsa ya saya. Kowa ya ɗauka zai fasa cikin ya jera benci ya shiga haya. Sai ya cire kabad ɗin, ya cire wurin wanke hannun, ya bar gadon da labulen. Direbobin tasha suka yi ta yi masa tsiya, suna tambayarsa ko amare zai riƙa ɗauka. Daga nan motar ta sami suna Mai Gado, kuma daga Bebeji har Doguwa ba wanda ya san ta da wani suna.

Abin da Malam Tanko ya gani, su ba su gani ba, shi ne halin da sabon keke ke isa ƙauye a ciki. A farkon shekarun tamanin keke ba abin wasa ba ne. Manomi sai ya haɗa gyaɗar damina biyu, makiyayi sai ya rabu da sa. Amma in an sayo shi a Kano, saman babbar mota ake jefa shi, a danne da buhunan taki, rana ta dake shi, igiya ta ci fentinsa, kafin ya kai Tudun Wada ya tsufa da shekara guda. Malam Tanko ya ce nasa kekunan a ɗaki za su yi tafiya. Mutum ya ba shi saƙo, shi kuma ya je birni ya zaɓo, ya kawo masa har ƙofar gida.

Ranar da na je neman aiki wurinsa ina da mata da 'ya ɗaya, gonar gidanmu kuma ta yi mana kaɗan mu 'yan'uwa biyar. Bai tambaye ni ƙarfina ba. Ya nuna mini wani tsohon keke, ya ce in shiga da shi zaurensa in fito. Ƙofar zauren ƙarama ce. Na shiga, feda ta ɗan gogi bango, ya ce in sake. Na sake, kariyar ɗora kaya ta taɓa, ya ce in sake. Sai a karo na bakwai na gane ɗan kwantar da keken ake yi, a fara zura kai, a bar bayansa ya biyo. Ya ce in zo gobe da safe, in kuma yanke farce.

Kayan aikinmu duk a wata tsohuwar jakar fata suke, in kun gan su za ku ce daga bola aka kwaso. Sifana biyu, siririya ta feda da ta notin kan keke. Tsofaffin tib na cikin taya da muka yayyanka faɗin yatsa biyu, don igiyar rama tana cin fenti, roba kuwa tana riƙewa tana sassauci. Buhunan algarara da aka wanke sau uku, saboda ƙwayar yashi ɗaya a jikin buhu ta isa ta yi wa keke tsaga kafin a kai Doguwa. Sai tsummoki, da alli, da totuwar masara wadda muke cusawa duk inda ƙarfe ke neman ƙarfe. Babu abin da za ku saya a shago a ciki in ban da sifanar, sauran duk sanin inda za a sa su ne.

Lodin farko da na yi da hannuna na wasu malaman makaranta ne a Kiru. Ga yadda ake yi. Ka fara kwance feda, don ita ce mai neman faɗa a jikin keke. Ka ɗaure guda biyun wuri ɗaya, ka rataya a ƙarƙashin sirdin mai su, ka sa lamba da alli, domin na taɓa ganin wa da ƙani sun yi mako ba sa magana a kan feda da aka musanya musu. Ka sassauta noti ka juya kan keken ya yi daidai da jikinsa, sai ka ga keke ya rame. Ka ɗaure birkinsa da roba don kada taya ta yi tafiya. Sannan ka jera su kai da ƙafa, wannan ya dubi gaba, na kusa da shi ya dubi baya, gefen sarƙa na kallon gefen sarƙa, maiƙo ya tsaya a gidansu. Buhu a tsakani, totuwa a lungu, roba a sama da ƙasa. Tara ke shiga a tsaye. Na goma, wanda ya fi tsada ko ya fi nisan tafiya, shi ke hawa gado.

A ranar na san fedar hagu a juye take kwancewa. Na yi ta murɗa ta inda ake murɗa kowane noti a duniya, ina ƙara ɗaure ta, ina zufa, ina zagin maƙerinta a raina. Malam Tanko na zaune yana cin goro yana kallona. Sai da ya ga zan yi ɓarna sannan ya ce in gwada lallashinta ta ɗaya gefen.

Shi ke tuƙi, ni ina baya a kan wani akwati a bakin ƙofa. Rediyon motar lafiyarsa ƙalau, amma ba a kunna shi in akwai kaya, don Malam Tanko da kunne yake tuƙi. Dokarsa ɗaya ce: ƙarfe ba ya magana da ƙarfe. Da ya ji 'yar ƙara sai ya gangara gefen hanya, ya ce mini na huɗu ne, wajen tayar baya, in duba. In na duba kuwa na huɗun ne. Na yi shekaru ina horar da kunnena, na kai in san hagu ne ko dama, amma ban taɓa kai shi ba.

Duk wannan wahalar ba don fenti kaɗai muke yin ta ba, don riga ce. Sabon keke yana zuwa daga kamfani an naɗe ƙarafansa da wata takarda ruwan ƙasa, siririya, an zagaya ta kamar rawani. A birni yage ta ake yi a zubar. A wajenmu ita ce riga, kuma ba mai cire ta. Mutum zai yi shekara biyu yana hawan kekensa da ita, in ta fara saki ya ɗaure da zare. In aka ce wane ya sayi keke, tambayar farko ita ce, da rigarsa? Keken da ya zo ba riga, ko daga cikin kwali ka zaro shi a gaban mutane, na hannu ne.

Ni ɗan ƙauye ne, na san wannan sarai. Abin da ya ja mini shi ne na fara shiga birni sau biyu a mako, na fara ganin kaina wayayye. A watana na uku muka ɗauko keken wani makiyayi, Malam Buba, wanda rugarsu ke bayan Doguwa a gindin duwatsu. Baƙin keke ne na Ingila, mai fitila da famfo, shi ke kan gado. A Tudun Wada Malam Tanko ya shiga duba wani abokinsa marar lafiya, ya bar ni da mota. Na lura rigar ta ɗan yage a wajen sirdi, tun daga shago. Na ja bakin don in daidaita, ta ƙara yagewa. Sai na ce a raina, ai keke irin wannan kyansa a ga ƙyallinsa. Na warware ta kakaf, na goge shi har ina ganin fuskata a jikinsa, na zauna ina jiran yabo.

Malam Tanko ya leƙo, ya dubi keken, ya dube ni, ya tada mota. Ni kuwa tun daga kallon nan na san na tafka.

Rugar duk ta fito tarbar keke, har da tsofaffin mata. Muka sauke shi yana walƙiya. Malam Buba gajere ne, mai furfura kaɗan a gemu, sanda a kafaɗa. Ya gaishe mu gaisuwa mai tsawo, ya tambayi hanya, ya tambayi iyali, ya sa aka kawo mana fura da nono. Sai da muka sha sannan ya zagaya keken sau ɗaya, bai taɓa shi ba.

"Malam Tanko," ya ce, "ni da na kai bajimina kasuwa, da fatarsa na kai shi. Ku kuma kun kawo mini keke an feɗe."

Na buɗe baki zan yi bayani, Malam Tanko ya taka mini ƙafa. Ya ce gaskiya ne, kuskuren daga wajenmu yake, a ba shi mako guda. Bai ce ni ne ba. Amma Malam Buba ya ga yadda na sunkuyar da kai, kuma tun daga ranar ya sa mini suna Mahauci. Mako na zagayowa muka kawo masa wani, ɗan'uwan na farkon, da rigarsa ko ƙwarzane babu. Na farkon kuwa Malam Tanko ya riƙe shi ya zama na hawansa, mutanen Bebeji suna kiransa Feɗaɗɗe. Bai zage ni ba, bai kore ni ba. Kullum da safe dai ni ke goge Feɗaɗɗe, kuma wannan ya fi zagi yi mini ciwo.

Shekaru ukun da suka biyo baya su ne na daɗi. Masuntan Tiga keke mai faffaɗar kariya suke so, kuma in sun ba mu tsohon nasu mu kai gyara sai mun kwana biyu muna shanya labule saboda ƙarni. Malaman gona sukan tsaya a kanmu suna koya mana aikinmu. Akwai wani tela a Kiru da ya sa muka canja masa ƙararrawa sau biyu, wai muryar ba ta da zaƙi. Akwai wata tsohuwa mai ƙosai a Ƙafin Maiyaki da ta sayi keke ba don ta hau ba, sai don ta riƙa ba da haya ranar kasuwa. Ita idonta a rufe take duba kaya, ta bi ƙarfen da bayan hannunta, in akwai ƙwarzane komai ƙanƙantarsa sai ta tsaya a kai. Duk wanda muka kai wa, Malam Tanko da kansa yake mayar da feda, ya daidaita kai, ya ɗaga baya ya juya taya ya saurara. Amma ba ya hawa, ya ce hawan farko na mai shi ne.

In muka bi ta Doguwa mukan ga Malam Buba da nasa. Rabin tafiyarsa tura shi yake yi. In ya zo rafi ya ɗora shi a ka, in hadari ya taso ya shige bukkar da ta fi kusa. Har ya sa matarsa ta ɗinka wata rigar ta yadi a kan ta takardar. Yakan ɗaga sanda daga nesa ya ce, Mahauci, yau wa aka feɗe?

Sai shekarar da kekuna suka juya. Cutar shanu ta shigo da rani ta bi ruga-ruga, garken da ka sani yana tare hanya sai ka tarar da igiyar maruƙa kawai a ƙasa. Damina ta biyo baya ta yi rowa, dawa ta tsaya iya gwiwa. Kafin wata daminar ta kama, rumbuna sun yi wayam. Ba mai saƙon sabon keke. Mai Gado ta riƙa zuwa kudu ba kaya tana dawowa cike da kekunan da mu muka kai da hannunmu, masu su suna ba mu mu sayar a birni mu sayo musu hatsi. Lodin iri ɗaya ne, sifana ɗaya, roba ɗaya, amma ban taɓa jin nauyin keke kamar na shekarar ba. Mutum zai kawo, ya tsaya yana kallon yadda kake kwance feda, ya kasa tafiya.

Malam Buba bai kawo nasa da wuri ba. Sai da aka yi shuka, lokacin da abinci ya fi wuya, ya aiko a ce mu biyo. Shanu uku suka rage masa, gidansa kuwa mutum goma sha ɗaya. Ya fito da keken daga bukka, ya zare rigar yadin da kansa. Ta takardar tana nan yadda muka kawo ta, ta ɗan yi duhu kawai. Malam Tanko ya duƙa ya duba ta ko'ina, sannan ya gaya masa gaskiya. Kekuna sun yi yawa a kasuwa, na hannu ba ya kawo abin kirki, hatsinsa ba zai kai su wata guda ba. Amma wannan, in ya isa birni da rigarsa yadda take, zai tafi kusa da sabo, zai iya kai su har sabon gero. In ta yage ko ta jiƙe, ya zama ɗaya da sauran.

A ranar hannun hagun Malam Tanko a naɗe yake, guduma ta same shi, tuƙi kaɗai yake iyawa. Ni zan yi lodi ke nan. Malam Buba ya dube ni, ya dubi keken. Na ɗauka zai ce a jira hannun ya warke. Sai ya ce, "Mahauci, abincin gidana ne a jikin takardar nan." Ya juya ya nufi wajen shanunsa, ya ce ba ya so ya ga fitarsa.

Na wanke hannu kafin in taɓa shi. Na shimfiɗa zane a kan katifa, na kwantar da shi gefen sarƙa a sama, na ɗaure ta kan taya da sirdi kaɗai, inda babu takarda. Muka bi muka kwashi sauran taran a ƙauyuka, muka kama hanya.

Muna tsakiyar dajin Falgore, wajen azahar, hadari ya haɗo daga gabas. Ruwan da muka shekara muna roƙo ranar ya ga damar zuwa, ya kuma zo da fushinsa. Abin da muka manta shi ne tamfol ɗin rufin Bature. An daɗe ba a yi ruwan da zai gwada shi ba, rana ta cinye shi ba mu sani ba, kuma daidai saman gado yake. Ɗigon farko a katifa ya faɗa, yatsa uku daga ƙarfen. Na biyu a bayana ya faɗa, don na riga na yi rumfa a kan keken.

Na kira Malam, ya tsaya. Wuri ɗaya ne busasshe a motar, can gaba bayan kujerar direba inda rufin ƙarfe ne, ga kuma kekuna tara a tsakani. Ba yadda za ka ɗaga keke ka wuce da shi ta saman tara bai taɓa komai ba. Malam Tanko ya cire babbar rigarsa ya ninka biyu ya rufa wa keken, ya ɗauki kwanon shanmu da hannunsa mai lafiya ya tsaya yana tare ɗigo, ya ce in fitar da taran. Na ce za su jiƙe. Ya ce su ƙarfe ne, za a goge su.

Na fitar da su ɗaya bayan ɗaya a cikin ruwan nan, ina kwance roba da haƙori, ina jingina su a jikin wata kaɗanya, buhu a tsakani ko a lokacin, don hannu ya riga ya saba. Da wuri ya samu sai wata matsalar ta fito: ni jikina sharkaf, Malam hannu ɗaya. Na tuɓe rigata, na goge jikina da labulen Bature har na bushe, sannan na kama keken ta taya da sirdi, na ɗan kwantar da shi, na fara zura kai na bar bayansa ya biyo, yadda na koya a ƙofar zaure. A gaba babu gado, ƙasan motar kuma ruwa ya fara bi. Sai na zura robobi ta ƙarafan sama na hagu da na dama, na rataye shi a tsakiya, biyu a tayar gaba, biyu a ta baya, ɗaya a sirdi. Ya tsaya a iska yana ɗan lilo, bai taɓa komai ba. Malam Tanko bai taɓa koya mini wannan ba. Ya zo ya tura shi da yatsa, ya ga ya je ya dawo, ya ce, "Haka ake yi." Shekara huɗu ina jiran magana irin wannan daga bakinsa, na kuwa ji daɗinta har cikin raina. Da ruwa ya tsagaita na goge taran, na sa wa sarƙoƙinsu mai, na mayar da su, biyu suka hau jiƙaƙƙen gado tunda su ba ruwansu.

Washegari a birni dillali ya zagaya keken ya rasa abin kushewa, kuma dillalin da ya rasa abin kushewa abin tausayi ne. Kafin la'asar wani matashi ma'aikacin ofis ya zo, ya ga riga, ya yarda keken bai sha hanya ba, ya saya yadda Malam Tanko ya faɗa. Yana gama biya sai ya sa farce a takardar wajen sirdi, ya ce a cire masa wannan tarkacen, kada a ɗauke shi ɗan ƙauye.

Na ji kamar ni ya sa wa farcen. Na riƙe hannunsa, abin da ban taɓa yi wa mai saye ba, na ce ya bari ni zan cire masa. Na nemo bakinta, na warware ta a hankali, ƙarfe bayan ƙarfe, ina naɗewa a kan totuwar masara. Yana ta duba agogo. Na fi rabin sa'a, amma ko'ina ba ta yage ba. Karo na biyu ke nan da na feɗe keke a rayuwata, shi ne kuma na ƙarshe.

Muka sayi dawa da masara a Ƙafin Maiyaki, buhunan suka tsaya inda kekuna ke tsayawa. Da safen da za mu tafi kudu na tarar da Malam Tanko a zaure ya kafa Feɗaɗɗe, ya ce in kawo takardar nan. Ni na naɗa masa ita, kuma tunda girmansu ɗaya ta zauna kamar don shi aka yanka ta. Ya ce in kwantar da shi a gado.

A ruga aka sauke buhuna, mata suka shiga da su ba hayaniya. Malam Buba ya yi godiya, ya yi addu'a. Sai na fito da keken. Ya gane takardar, ya kuma gane ba kekensa ba ne, ya ja da baya. Mutum irinsa gara ya kwana da yunwa da a miƙa masa sadaka a gaban iyalinsa, kuma Malam Tanko ya san haka.

"Ba kyauta ba ce," in ji Malam Tanko. "Na ji ku makiyaya in mutum ya rasa garke, ɗan'uwansa yakan ɗaura masa saniya ya kiwata, in ta haihu ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar. Ni ba ni da saniya. Ga abin da nake da shi."

Malam Buba ya ce, "Malam, keke ai ba ya haihuwa."

"To ka riƙe shi har ya haihu."

Ya karɓa. Wannan kam bai tura shi ba, bai ɗora shi a ka ba. Ya yi itace da shi, ya kai nonon maƙwabta kasuwa, ya yi fataucin gishiri da kanwa ruga-ruga. Duk lokacin da muka haɗu Malam Tanko zai tambaye shi ko an haihu, shi kuma ya ce tukuna. Sunan Mahauci dai bai sauke mini ba, sai dai ya ƙara masa, na koma Mahaucin kirki.

Sana'ar ta farfaɗo ta yi wasu shekaru, sannan babura suka shigo. Samarin Ƙafin Maiyaki suka koma acaɓa, sabon keke ya daina tara mutane, rigar ma yara suka fara yage ta tun a shago. Idon Malam Tanko ya yi rauni, tuƙin ya dawo hannuna. Ya rasu a tsakiyar shekarun casa'in, bayan kaka. Ba a daɗe da yin arba'in ba saƙo ya zo daga Doguwa, wai Malam Buba ya ce in zo da Mai Gado, akwai kaya.

Na same shi ya tsufa, gemun ya yi fari fat. Bai kai ni bukka ba, sai ya zagaya da ni bayan ruga inda shanu ke tsaye, farare, da yawan da ba zan faɗa ba tunda shi ma ba ya faɗa. Feɗaɗɗe na jingine a jikin wata bishiya, da tsumma tsakaninsa da itacen. Sirdi ya sha faci, fenti ya tafi, rigar duk ta ƙare sai wani guntu tsawon yatsa a ƙarƙashin sirdi, an ɗaure shi da zare.

"Keken ya haihu," ya ce. "Na so in gaya masa da bakina, na yi ta jira su ƙara yawa. Ka mayar wa iyalinsa uwar."

Na kwance feda, ta hagu ta inda take so, na juya kai, na kwantar da shi a gado na ɗaure ta kan taya da sirdi. Shi kaɗai ne a motar. Ban kunna rediyo ba, kuma daga Doguwa har Bebeji ƙarfe bai yi magana da ƙarfe ba.